Yinin Da Na Kai Maiɗakina Rano Da Tiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana magidanta, musamman masu ƙaramin ƙarfi irina. Ni tela ne a unguwar Sheka da ke Kano. Shekarata 14 da aure, Allah ya azurta mu da 'ya'ya huɗu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da maiɗakina ta yi min cikin sanyin da ya wuce. Muna zaune da daddare tana tsintar shinkafa, rediyo na hira da manoman alkama na Kadawa, sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, ka san ni ban taɓa ganin alkama a gona ba?" Na ɗauka wasa take yi. Sai ta shiga lissafa min duk fitar da ta yi daga Kano tun ranar da aka kawo ta gidana: gaisuwar mutuwa sau biyu, biki sau ɗaya, sai rakiyar yayarta asibiti a Zariya. Ta ce, "Ban taɓa shiga mota don kawai in ga gari ba." Ba da sigar ƙorafi ta faɗa ba, ta mayar da kanta kan farantinta ta ci gaba da tsinta. Ni ne maganar ta hana barci. Na je Legas saro yadi, na je Aba, na je Maraɗi. Matar da take wanke min kayan tafiya, take ɗaure min guzuri, ba ta taɓa ƙetare gadar Tamburawa don ganin gari ba.

Da yawanmu mun ɗauka fita da iyali sai mai mota, wanda zai kai matarsa manyan kantuna ko gidan cin abinci mai sanyin na'ura, a kawo masa takardar kuɗin da ta kai cinikina na mako. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, talaka ya ƙara samun hujjar zama wuri ɗaya, kuma hujjar mai ƙarfi ce, ba na musu. Amma da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga abin da nake kashewa a teburin mai shayi da sayen data da ɗan tsiren dare a majalisa ya haura naira 500 a kullum. Sai na sayi asusun ƙasa, na ɓoye shi a ƙarƙashin teburin yanka a shago. Kullum kafin in rufe, in jefa 500. Kwana 40 na fasa, na ƙirga naira 20,000 cif.

Kafin ranar na yi shawara da wani direba da nake yi wa ɗinki, wanda ya san hanyoyin kudancin Kano kamar tafin hannunsa. Shi ya ce kada mu je mu dawo ta hanya ɗaya, mu yi zobe: mu bi titin Zariya mu sauka a Karfi, mu ratse ta Bunkure zuwa Rano, daga Rano mu bi ta Rurum mu faɗa Tiga, sannan mu fito babban titi mu dawo ta Kadawa da Kura. Ya ce kuɗin motar kusan ɗaya ne, amma garuruwan da za mu gani sun ninka. Ya kuma gargaɗe ni in riƙe kuɗi a hannu, ƙananan canji, domin a ƙauye ba kowa ke karɓar taransifa ba, kuma sabis yakan ɗauke a lokacin da ka fi bukatarsa.

Akwai wani abu da na yanke da kaina, kuma ina ganin shi ne ya fi komai muhimmanci a shirin. Ina da dangi a wajen Bunkure, amma ban sanar da kowa za mu wuce ba. Ba don raina zumunci ba, Allah ya kiyaye. Duk wanda ya san gidajenmu ya san abin da zai faru: da mun yi sallama za a shige da ita cikin gida wurin mata, ni a shimfiɗa min tabarma a zaure, a kama kaza, a ɗora tukunya, ba za mu sake haɗa ido ba sai la'asar sakaliya lokacin da za a rako mu tasha. Irin wannan fitar ta riga ta yi ta. Ziyara tana da ranarta, kuma mun je mun yi ta daga baya tare da yara. Wannan yinin nata ne.

Ranar wata Asabar muka kai yara wurin ƙanwata tun da sassafe. Maiɗakina ta tashi kafin asuba ta turara dambun shinkafa da zogale, ta zuba a kula, ta cika gora biyu da zoɓon da ta daskarar tun daren jiya, ta haɗa da ruwan sha da darduma da 'yar ƙaramar tabarma. Wannan guzurin ne ya sa kuɗin suka isa. Da a hanya za mu sayi abincin rana, da lissafin ya rushe tun kafin azahar.

Ƙarfe bakwai da rabi muna bakin titi a Na'ibawa. Na roƙi ɗan kamasho ya bar mana gefen taga, ita ta zauna a jikin ƙofa ni a kusa da ita, don kada a matse ta a tsakiyar maza. Duk motar da muka shiga ranar haka na yi, kuma ba wanda ya ƙi, wasu ma da kansu suke matsawa suna cewa, "A ba Hajiya taga." Ina ambaton wannan ne saboda na san tsoron cunkoso yana cikin abin da ke sa maza da yawa ba sa son sa matansu a motar haya.

A Karfi muka fara tsayawa. Duk matafiyin titin Zariya ya san Karfi da masara, ana gasa ta a jere a bakin hanya rani da damina, albarkacin ruwan noman rani. Mun sayi guda huɗu masu zafi, muka koma gefe muka ci a tsaye cikin hazo. Ta ce rabonta da ta ci masara da zafinta daga kan gawayi tun tana budurwa, domin wadda nake kawowa gida kafin ta iso ta huce ta yi tauri. Daga nan hanyar Bunkure ta buɗe, ga gonaki kore shar a tsakiyar rani, ga magudanan ruwa na siminti suna bin gefen hanya, yara na wanka, mata na wanki. Wani dattijo da ke gaban mota ya ji tana tambayata, sai ya juyo ya ce, "'Yata, waccan mai kama da ciyawa ita ce alkama, ba ta son zafi, shi ya sa ake shuka ta da sanyi." Ta kafa fuskarta a gilashi ba ta ƙara cewa komai ba har muka wuce.

Mun isa Rano wajen ƙarfe goma. Tun muna firamare ake karanta mana sunanta a cikin Hausa Bakwai, ana ce mata Autan Bawo, amma ni kaina ban taɓa taka ta ba sai ranar. Gari ne da duwatsu suka yi wa ƙawanya, manya-manya, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su. Mun bi ta ƙofar fada muka tsaya daga nesa muka kalla, sannan na yi sallama da wasu dattawa da ke zaune a gindin bishiya, na gaishe su, na ce mu baƙi ne daga birni, muna son hawa dutse mu hango gari, ina ne ya dace. Wannan gaisuwar kada kowa ya tsallake ta. Garin mutane ba wurin kallo ba ne kawai, gidansu ne, kuma akwai wuraren da ba sa son baƙo ya kutsa. Ɗaya daga cikinsu ya kira wani yaro ya ce ya raka mu ta inda hawan ke da sauƙi saboda mace.

Ba mu kai ƙololuwa ba, mun tsaya a wani fage mai faɗi da ke tsakiya. Daga nan ana ganin rufin gidaje da hasumiyar masallaci da garken shanu can nesa kamar an watsa farin wake. Na sallami yaron da naira 500, muka shimfiɗa tabarma. Iska ce kawai ke kaɗawa. Ba kukan yaro, ba ƙarar janareta, ba mai buga ƙofa yana tambayar ko an gama masa ɗinki. Edita, na rantse maka a shekara 14 ban tuna ranar da muka zauna mu biyu na tsawon awa guda ba tare da wani ya kira ɗayanmu ba. Da farko ma mun rasa abin faɗa, sai maganar kuɗin makarantar yara ke zuwa bakina, ina mayar da ita. Can sai ta fara ba ni labarin kakarta, wadda take kaɗi da saƙar zare, da yadda take zama a gefenta tana tsinke mata auduga. Daga nan ta faɗi abin da ya girgiza ni. Ta ce tun tana amarya take son ta koyi ɗinki, tana kallon hannuna idan na kawo aiki gida, amma kunya ta hana ta tambaya, kada in ga kamar ta raina abin da nake kawowa. Shekara 14 tana kwana da wannan a ranta, a gidan tela, ga tsohon keke Butterfly a jingine a ɗaki yana cin ƙura. Ban taɓa tambayarta ba, ita kuma ba ta taɓa samun wurin faɗa ba sai a kan dutsen Rano.

Da muka sauko muka sha fura da nono a wurin wata Bafulatana a bakin tasha, aka dama mana a ƙwarya, naira 1,000 mu biyu har muka bar saura. Motar Tiga ta ɗauki kusan minti 40 kafin ta cika. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya sa wannan jiran a lissafinsa, kada ya cusa garuruwa biyar ko shida a yini ɗaya, zai ƙare a tasha yana duba agogo yana faɗa da direba. Mu dai jiran bai dame mu ba, hirar ɗinki muke ta yi, har na zana mata yadda ake yanka hannun riga a bayan wata takarda.

Hanyar Rurum ma duwatsu ne hagu da dama. Mun iso Tiga ana kiran azahar, muka yi salla, sannan muka gangara bakin ruwa. Ta tsaya ta riƙe baki. Ta ce ita a tunaninta dam kamar babban kududdufi ne, ba ta san ruwa zai iya yin faɗin da ido ba ya ganin ƙarshensa a ƙasar Kano ba. Na gaya mata abin da na sani: a zamanin Audu Bako, gwamnan Kano na farko, aka tare Kogin Kano a nan, aka kammala aikin a 1974, kuma ruwan nan ne ke bi ta magudanan da muka gani da safe ya shayar da gonakin Bunkure da Kura da Kadawa da Garun Malam. Ta ce, "Ashe masarar da muka ci a Karfi daga nan ta sha ruwa." Na ce daga nan. Mun sayi soyayyen kifi na naira 3,000 a wurin matan da ke suya kusa da inda masunta ke fitowa, muka buɗe kular dambu a inuwa. Wannan kifin ne abu mafi tsada da muka ci a yinin, kuma da gangan na ware masa kuɗinsa tun daga gida, domin ina son a samu abu ɗaya da ba za ta ji ina taya shi ina ja da baya ba.

Wani mai kwalekwale ya yi mana tayin zagayawa da mu a kuɗi kaɗan. Na ga tana so, amma na tambaye shi rigar kariya, ya ce babu. Na ba shi haƙuri. Har yau ban manta da yaran Islamiyya da kwalekwale ya kife da su a Bagwai a ƙarshen 2021 ba. Ina roƙon duk wanda zai kai iyalinsa bakin ruwa, a Tiga ne ko a wani wuri, kada araha ko kunyar mai jirgi ta sa ya shiga ba rigar kariya. Kallo daga gaɓa ya wadatar.

Ƙarfe uku muka kamo hanyar dawowa. Mun wuce Bagauda, wurin da ke ɗauke da sunan sarkin Kano na farko, inda yanzu makarantar horar da lauyoyi take, muka sauka a Kwanar Gafan. Nan fa idonta ya buɗe irin na uwar gida. Kwanduna ne na tumatir jere-jere ana loda wa manyan motoci masu zuwa Kudu. Na koma gefe na bar ta da ciniki, domin ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Da naira 3,000 ta haɗo tumatir da tattasai da albasa da suka kusa cika ƙaramin buhu, ta ce a kasuwar unguwa wannan kuɗin rabin haka ba zai saya ba. Ta yanka ta shanya wani, muka yi makonni muna miya da shi. Idan aka cire wannan daga kuɗin cefanen da dama sai na bayar, za a ga tafiyar ta biya wani ɓangare na kanta.

Kura ce zangonmu na ƙarshe, kuma nan son raina ne na tela ya kai mu. Yau an fi sanin garin da shinkafa, amma sunansa ya daɗe da zagaya Sahara saboda rini. Rawanin nan baƙi mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura daga nan ya samo suna, kuma Buzaye har daga Agadas suke neman turkudin garin. A labarin Bayajida ma Kano da Rano ne ake kira sarakunan baba, wato shukar da ake rini da ita. Mun tambaya aka nuna mana rumfar masu bugu. Tun daga nesa ake jin sautin, mutane a zaune a jere, kowa da gudumar katako, suna dukan yadi a kan gungumen itace, hannu na sauka bayan hannu ba mai karo da wani. Mun yi sallama, na faɗi sana'ata, suka yi mana izini mu tsaya. Wani dattijo ya miƙa mata gefen yadin ta taɓa, shuni ya kama mata yatsu. Ba mu sayi komai ba, kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihunmu, kuma ba su nuna mana komai ba sai fara'a. Abin da na lura, ya kuma tsaya min a rai, yawancin masu aikin furfura ta kama su. Ta ƙi wanke yatsun nan har muka iso gida, sai da ta nuna wa yara.

Ana kiran magariba muna sauka a Na'ibawa da ɗaurin rake na tsarabar yara. Da na zauna da daddare na yi lissafi, kuɗin mota gaba ɗaya, har da adaidaita sahu na cikin gari, bai kai naira 10,000 ba. Duk abin da muka kashe ya tsaya a 18,400, na dawo da 1,600 a aljihu. Na san farashi ba ya zama wuri ɗaya, wanda zai tafi gobe ya tambayi kuɗin mota kafin ya fita, ya kuma riƙe ɗan abin ko-ta-kwana.

Ba zan ɓoye abin da ya ba mu wahala ba. Babbar matsalar ita ce makewayi. Namiji yana iya lallaɓawa, amma mace mai mutunci ba ta da inda za ta shiga a yawancin wuraren da muka tsaya. Sau biyu sai da na yi sallama a ƙofar gidan mutanen da ban sani ba, na roƙa a bar ta ta shiga ta kama ruwa ta yi alwala. An karɓe ta hannu bibbiyu, a gida ɗaya ma har da guzurin gyaɗa aka ba ta, Allah ya saka musu. Amma bai kamata a ce sai an yi roƙo ba. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin direbobi da kwamitocin masallatai su dubi wannan. Makewayi mai tsabta na mata da ɗan wurin salla a kowace tasha ba aikin miliyoyi ba ne, ko naira 50 aka ce a riƙa biya za a biya da murna. Matan ƙauye da ke zuwa cin kasuwa kowane mako sun fi mu bukatarsa.

Na kuma sha magana a majalisa. Da labari ya bazu, wani ya ce na zama mijin-ta-ce, wani ya ce yawon buɗe ido da mace ɗabi'ar Turawa ce. Na amsa musu da abin da malamanmu ke karantarwa a kullum: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tafiya da Nana A'isha, ya ce wa sahabbai su yi gaba, ya yi tseren gudu da ita ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta. Matata ta fita da hijabinta, tare da mijinta, da rana tsaka, ta yi sallolinta a kan lokaci, ta dawo ɗakinta kafin duhu. Ban ga inda aka saɓa wa addini ko al'ada ba. Ga masu mata fiye da ɗaya kuwa, adalci ya hau kansu, kowace a ware mata ranarta da asusunta, kada abin alheri ya zama sanadin rigima. Biyu daga cikin masu yi min tsiya sun zo shago daga baya, kowa shi kaɗai, suna tambayata nawa ne kuɗin mota zuwa Tiga.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne jaridarku ta buɗe ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, inda wakilanku za su riƙa kawo mana bayanin ƙananan garuruwa: ranar da kasuwarsu ke ci, abin da aka san su da shi, tashar da ake hawa mota, da yanayin tsaron hanyar a lokacin. Wannan na ƙarshen ya fi komai, domin akwai hanyoyin da ni kaina ba zan bi da iyalina ba a yanzu ko kyauta aka ce, kuma mutum ba ya sanin wacce ce wacce sai ya samu mai gaya masa gaskiya. Kowa ya san kasuwar shanun Wudil ranar Juma'a take ci, amma garuruwa nawa ne ke da abin gani da ba wanda ya taɓa rubutawa? Masu karatu daga Katsina da Zariya da Sakkwato da Damagaram su ma su aiko da nasu zoben, yadda mai ƙaramin ƙarfi zai fita da safe ya dawo kafin magariba.

Keken Butterfly na kai an gyara shi, an sa masa sabon bel. Kullum bayan isha'i nakan zauna da ita rabin awa, yanzu ta iya ɗinka siket ɗin makaranta, na 'yarmu ta biyu ma ita ta ɗinka shi. Mun sayi sabon asusu, wannan karon a ɗakinta yake, tana jefa nata daga kuɗin kitso ina jefa nawa. Ta ce Daura take so, ta ga rijiyar Kusugu ta sha ruwanta, mu tsaya a Dambatta da Kazaure a hanya. Tafiyar ta fi ta Rano nisa, don haka mun sa wa kanmu kwana 60, in Allah ya kai mu.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani tela mai karanta jaridarku,
Sheka, Kano.